Maganar DA, da dalilin da ya sa Google da ChatGPT ba sa kiran sunan shafukanmu

Kwanan nan duk guruf ɗin 'yan bulog da ka leƙa a WhatsApp ko Telegram zance ɗaya ne ke yawo, DA, wato Domain Authority, makin da ake cewa yana nuna ƙimar shafi. Wannan ya turo sikirinshot nasa ya kai 34, wancan ya ce nasa ya maƙale a 9 tun bara don Allah a taimaka masa, can kuma sai ga wani ya faɗo da talla wai a ba shi dubu kaza zai ɗaga maka shi zuwa 50 cikin wata guda, har da cewa kar ka biya sai ka gani da idonka. Yanzu ma an ƙaro sabon salo, wai da zarar DA ɗinka ya haura 50 to ChatGPT zai fara ambaton shafinka idan an tambaye shi. Ni sana'ata kenan gina wa mutane shafi a WordPress da kula da shi, yawanci ƙananan 'yan kasuwa da makarantu da masu rubuce-rubuce, kuma wallahi abin yana ci mini rai in ga yara masu hazaƙa suna zuba kuɗin da ya kamata su biya hostin ko su sayi data da shi a kan wata lamba da Google ba ya ko kallonta.

DA ɗin nan fa ba na Google ba ne. Wani kamfani ne a Amurka mai suna Moz ya ƙirƙiro shi, maki ne daga 1 zuwa 100, kuma kintace ne kawai suke yi na yadda suke ganin shafi zai iya tashi a sakamakon bincike, bisa linkin da nasu bot ɗin, wato manhajar da ke yawo tana karanta shafuka, ya iya ganowa. Ahrefs na da nasu suna ce masa DR, Semrush na da nasu, Majestic ma haka, kuma ka ɗauki shafi ɗaya ka auna a wuraren nan kowa da lambar da zai ba ka. John Mueller na Google ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba sa amfani da DA wurin jera shafuka. Amfanin makin shi ne ka kwatanta kanka da waɗanda kuke fafatawa da su a fage ɗaya, shi ke nan, kuma ba a tafiya da shi daidai wa daida, tashi daga 10 zuwa 20 abu ne mai sauƙi amma daga 70 zuwa 80 sai manya.

To su masu tallan nan ya suke yi lambar ta tashi? Akwai wani bawan Allah mai sayar da kayan sola da ya kawo mini shafinsa in duba masa, ya ce ya biya an kai masa DA sama amma har yau ko mutum ɗaya bai kira shi ya ce a Google ya gan shi ba. Muka buɗe jerin linkin da ke shigowa shafin tare da shi a kan laftof. Shafukan caca ne da yaren Indonesiya, wasu da rubutun Rasha, wasu kuma ba komai a cikinsu sai jerin adireshi ɗaruruwa an jibge kamar shara. Ya ce mini malam su waye waɗannan? Na ce su ne shaidun da ka saya. Daga nan muka buɗe Search Console, wato inda Google da kansa yake nuna maka sau nawa ka bayyana a bincike da sau nawa aka danna ka, layin na nan kwance a ƙasa bai motsa ba. An yaudari na'urar Moz, ba a yaudari Google ba, kuɗinsa kuma sun tafi.

Amma kar wani ya fahimce ni a baibai ya ce ai babu wani abu wai shi ƙimar shafi. Akwai ta, kuma kusan a kanta aka gina Google tun farko. Kafin zuwansa injinan bincike irin su AltaVista sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa, idan ka maimaita kalma sau da yawa sai ka hau sama, mutane suka yi ta cusa kalmomi har da farin rubutu a kan farin fage don kar ido ya gani. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford suka fara wani aiki a 1996, suka kafa kamfanin a 1998, dabararsu kuma da ake kira PageRank ita ce a daina tambayar shafi, a tambayi sauran shafuka a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a wurin binciken aure ya san wannan. Ba a zuwa a tambayi manemi ko shi mutumin kirki ne, unguwarsu ake shiga, kuma a can ma ba kowace shaida ce ke da nauyi ɗaya ba, kalma ɗaya daga bakin limamin unguwa ko dattijon da kowa ya san ba ya ƙarya ta fi rantsuwar abokan majalisa goma, sannan dattijon da ke yabon duk wanda aka tambaye shi shi ma shaidarsa raguwa take yi. Haka linki yake. Shafin da wasu amintattu suka nuna, idan shi ma ya nuna ka, ka samu wani kaso na darajarsa, kuma idan ya nuna mutum dubu a shafi guda kason kowa ya ƙanƙance.

Daga ranar da mutane suka gane linki kuɗi ne aka buɗe kasuwarsa. Google ma ya taimaka wa abin ba da niyya ba, don akwai lokacin da yake nuna makin PageRank daga 0 zuwa 10 a wata 'yar koriyar sanda a saman burauza, masu shafi suka mayar da ita farashi. A 2005 aka fito da alamar nofollow saboda masu cika sashen sharhi da linkin banza, ma'ana mai shafi ya ce na sa linkin nan amma ban tsaya masa ba. A farkon 2011 jaridar New York Times ta tona yadda babban kantin nan na Amurka J.C. Penney ya mamaye saman bincike a kayayyaki iri-iri ta hanyar linki daga shafukan da ba su da wata alaƙa da kayan, Google ya hukunta shi ya gangaro ƙasa na wani lokaci. A shekarar Google ya saki wani gyara a tsarinsa mai suna Panda don shafuka marasa nama, a 2012 ya saki wani mai suna Penguin don masu linkin bogi, a 2016 kuma aka cire koriyar sandar gaba ɗaya. Gurbin da ta bari ne su Moz da Ahrefs suka cike, shi ya sa har yau mutane ke neman wata lamba da za su riƙe.

Shekaru da yawa ma'aikatan Google suna nuna cewa shafi-shafi suke aunawa, ba su da wani maki guda na gidan gaba ɗaya. Sai ga shi a watan Mayun 2024 wasu takardun cikin gida na kamfanin sun fita waje, shafuka wajen 2,500, Rand Fishkin wanda yana cikin waɗanda suka kafa Moz da Mike King suka baje su a fili, kuma a cikin dubban abubuwan da aka lissafa akwai wani mai suna siteAuthority ƙarara. Google bai musa takardun nasa ba ne, ya dai ce kar a yanke hukunci da bayanan da aka tsinto ba tare da sanin yadda ake amfani da su ba. Kafin nan ma a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023, wani babba a sashen bincike, Pandu Nayak, ya yi bayani a gaban kotu kan wani tsari mai suna Navboost da ke amfani da bayanan abin da mutane suka danna na tsawon wata 13. Kenan ba linki kaɗai ba ne, ana kallon abin da jama'a suke yi idan an nuna musu kai, sun shiga sun zauna ko sun leƙa sun fito da gudu sun danna na ƙasa da kai. Wannan shi ne abin da mai sayar da DA ba zai taɓa iya sayar maka ba.

Akwai kuma wani ɓangare da 'yan bulog ɗinmu ba su cika kula da shi ba alhali ya fi shafar mu. Google na da dubban mutane 'yan kwangila da yake ba wa sakamakon bincike su duba su ce wannan ya yi wannan bai yi ba, da wani kundin ƙa'idoji da kowa zai iya saukewa ya karanta. Makin da suke bayarwa ba shi ke ɗaga shafi ko sauke shi kai tsaye ba, ana gwada injin ne da shi. A cikin kundin ake maganar ƙwarewar marubuci da matsayinsa a fagen da amincinsa, a Disambar 2022 aka ƙara na huɗu, wato ko mutum ya taɓa abin da hannunsa. Kuma an fi tsanantawa a kan duk abin da ya shafi lafiya da kuɗi. Yanzu ka duba irin shafukan da ke cike da "maganin sanyi sadidan" da "yadda za ki ƙara ni'ima cikin kwana uku", babu sunan marubuci, babu shafin da ke cewa su waye mu, babu lambar waya sai ta mai sayar da maganin, hoton ma na wani ne aka ɗauko. Mai irin wannan shafin ya zo yana kukan Google ya danne shi, ni kam tsakani da Allah ban ga laifin Google a nan ba, don uwata ko ƙanwata ce za ta karanta ta je ta haɗa ta sha.

Inda nake ganin laifinsa shi ne yadda tsarin ke ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Manyan jaridu da mujallu na Turai da Amurka sun gano cewa duk abin da aka ɗora a ƙarƙashin sunansu tashi yake yi, sai suka fara ba da hayar wani lungu na shafinsu ga 'yan talla, ka ga jaridar labarai tana jera maka katifa goma mafi kyau ko kamfanin bashi mafi sauƙi. Wani ƙaramin shafi mai suna HouseFresh da ke sayen na'urorin tace iska yana gwada su da gaske ya yi dogon rubutu a Fabrairun 2024 yana nuna yadda manyan sunaye da babu alamar sun taɓa na'urar suke zaune a samansa. A Maris ɗin shekarar Google ya fito da dokoki kan wannan hayar suna, da kan sayen tsohon domen, wato adireshin shafi, da ya mutu don a ci gajiyar darajarsa, da kan zubo rubutu barkatai da inji. Dokar ta kama wasu, amma ƙananan shafuka da yawa da sabuntawar da Google ya yi wa tsarinsa a Satumban 2023 ta kwantar ba su sake miƙewa kamar da ba.

Mu ma a Hausa muna ganin irinsa ta wata fuskar. Rubuta kusan kowace tambaya ta labarai da Hausa, BBC Hausa za ka fara gani, sai DW ko RFI, sai su Aminiya da Legit da Premium Times da Leadership. Ba na cewa ba su cancanta ba, sashen Hausa na BBC tun 1957 yake aiki, suna da 'yan jarida da editoci. Amma ka lura shafin Hausar BBC yana zaune ne a cikin bbc.com, na DW a cikin dw.com, na RFI a cikin rfi.fr, wato duk wata jami'a da gwamnati da jarida a duniya da ta taɓa nuna gidan ta ƙara wa ɗakin Hausar ƙarfi ko da ba ta san da shi ba. Kai kuma da ka buɗe naka jiya a Blogspot kana kwafo labarin da suka riga suka buga, da wane dalili za a sa ka a gabansu? Fagen labaran yau da kullum ba wurin da ƙarami zai yi kokawa ba ne, gaskiya kenan ko ba daɗi.

Yanzu mu zo kan AI, don nan ne ruɗanin ya fi yawa. Hanya biyu ce shafinka ke iya shiga bakin irin su ChatGPT da Gemini da Claude da Perplexity, kuma mutane na cakuɗa su. Ta farko ita ce lokacin horo, inda ake tara rubutu mai ɗimbin yawa daga intanet, wani daga rumbuna irin su Common Crawl, injin ya koyi harshe da bayanai daga ciki. A nan ba ya riƙe adireshinka, abin da ke zama a kansa shi ne abin da aka yi ta maimaitawa a wurare daban-daban, don haka sunan da ake yawan ambata tare da wani fanni, ko da babu linki, shi zai fi faɗo masa. Ta biyu ita ce wadda ake ganin 'yan linki a gefen amsa. A nan injin bincike yake fara yi kamar ni da kai, ya ɗauko wasu shafuka, ya karanta, ya haɗa amsa, ya nuna inda ya samo. Bing ya fara haka a Fabrairun 2023, Google ya buɗe AI Overviews, wato taƙaitacciyar amsar AI da ke fitowa a saman sakamakon bincike, a Amurka a Mayun 2024 ya faɗaɗa zuwa ƙasashe sama da 100 a Oktoba, ChatGPT ma ya saki nasa binciken a ƙarshen Oktoban 2024. Abin da wannan ke nufi a sauƙaƙe shi ne ƙofar ɗaya ce, shafin da injin bincike bai sani ba ko bai yarda da shi ba, da wuya ya kai gaban AI balle a ambace shi. Ba DA ya duba ba, ya dai ɗebo daga cikin waɗanda bincike ya miƙo masa.

Sai dai akwai wata 'yar kafa a nan da nake so 'yan uwa su gane, don ita ce ke ba ni ƙwarin gwiwa. Google da kansa ya yi bayanin cewa a AI Mode, wato sashen bincikensa da ake hira da AI, tambaya ɗaya ake farfasawa zuwa ƙananan tambayoyi da yawa a bincika kowacce daban. Mutum ya tambaya yadda zai fara kiwon kajin gidan gona a lokacin zafi, injin zai nemi maganar rigakafi daban, ta abinci daban, ta yadda ake rage zafi a ɗaki daban, ta kuɗin da za a kashe daban. Babban shafi na iya cinye babbar tambayar, amma a ƙaramar tambaya ta yadda ake hana kaji mutuwa a zafin Afrilu a garin da babu wuta, wanda ya yi kiwon ya rubuta dalla-dalla shi ne ke da amsar, kuma sakin layi ɗaya mai kyau ya isa a ɗauko shi. Wasu masu bincike daga Princeton da wasu jami'o'i sun fitar da nazari a ƙarshen 2023 da ya nuna rubutun da ke ɗauke da alƙaluma da ambaton majiya ya fi samun shiga cikin amsoshin irin waɗannan injina. Ni ban yi mamaki ba, don abin da za a iya cirowa a jingina da shi ake nema, ba doguwar shimfiɗa da sai an yi sakin layi biyar ana gaisuwa kafin a zo kan magana ba.

Kuma don Allah kar mu ɗauka duk wanda AI ya ambata shi ne mai gaskiya. A farkon fitowar AI Overviews aka ga yana ba mutane shawarar su zuba gam a miyar fiza don cukwi ya kama, asalin maganar wani tsohon sharhin barkwanci ne a dandalin tattaunawa na Reddit da ya haura shekara 10, ya kuma ce a riƙa cin ɗan dutse kullum, wannan kuma daga The Onion ne, shafin da duk abin da ke cikinsa raha ce. Gidajen suna da ƙarfi a idon inji, maganar kuma shirme. Cibiyar Tow ta jami'ar Columbia ta gwada injinan bincike na AI guda 8 a 2025, ta ba su yankin labari ta ce su faɗi inda ya fito, sama da kashi 60 cikin 100 na amsoshin ba daidai ba ne, kuma sau da yawa sukan nuna wanda ya sake buga labarin su bar mai asalin. Ga kuma maganar kuɗi da ba a cika faɗa ba, a 2024 an ruwaito Google na biyan Reddit kusan dala miliyan 60 a shekara don bayanansa, OpenAI mai ChatGPT ya ƙulla yarjejeniya da manyan kafofin labarai irin su AP da Axel Springer da News Corp da Financial Times, New York Times kuma ta maka OpenAI da Microsoft kotu a Disambar 2023. Manya suna zama a teburi a yi ciniki da su, mu namu rubutun ɗauka kawai ake yi.

Ko an ambace ka ma ba lallai a shigo ba. Cibiyar bincike ta Pew ta bibiyi yadda Amurkawa ke bincike a 2025, ta ga idan akwai taƙaitawar AI a sama kashi 8 cikin 100 ne ke danna wani sakamako, idan babu kuma kashi 15, masu danna linkin da ke cikin taƙaitawar kanta kuwa kashi 1 ne kacal, sannan Wikipedia da YouTube da Reddit ne aka fi ambata. Wanda duk lissafinsa a kan kuɗin talla yake to ya san da wannan tun yanzu.

Abin da ya fi damuna dai namu ne na cikin gida, ba na Google ba. Hausawa na rubutu, wallahi muna rubutu sosai, akwai likitoci da malaman gona da lauyoyi da masana tarihi da ke zuba ilimi kullum, amma a ina? A Facebook, a sitatus na WhatsApp, a bidiyon TikTok, a saƙon murya na minti goma. Mafi yawan wannan injin bincike ba ya kaiwa gare shi, wanda ya kai ma darajar ta tafi ga Facebook ba ga marubucin ba, bayan kwana biyu kuma shi kansa mai rubutun sai ya sha wahala kafin ya nemo shi. Sannan ga ɗabi'ar kwafe. Mutum ya ɓata dare ya yi rubutu, gari na wayewa shafi goma sun ɗauke, babu suna babu linki, mai kirkin cikinsu ne zai rubuta "an kwafo" a ƙasa kamar hakan ya sauke nauyi. Akwai wata baiwar Allah da nake kula wa da shafin girke-girke, ta rubuta yadda ake dambun shinkafa da zogale da hotunan da ta ɗauka a kicin ɗinta, har gefen tukunyarta da ya ɗan lotse ana gani, wani shafi da ya fi nata tsufa ya kwashe duka har hotunan, yau idan ka bincika shi ke fitowa ita tana shafi na biyu. Ta ce mini yaya ni da na yi wahalar? Mun tura ƙorafin haƙƙin mallaka ta fom ɗin Google, amma abin da ya fi ba ni takaici shi ne da linki ɗaya kawai ya sa mata da duka biyun sun amfana.

Mu ba ma nuna juna. Ɗan bulog ɗin Hausa gani yake idan ya sa linkin wani to ya kori mai karatunsa zuwa gidan kishiya, alhali dukkan tsarin nan da na yi ta bayani a kan nuna juna aka gina shi. Shafukan Turanci sun yi shekara kusan 30 suna saƙa wannan zaren a tsakaninsu, mu namu kowa na tsaye shi kaɗai, to ta ina inji zai gane wane ne masani a cikinmu? Shi ya sa idan ka yi wa AI tambaya da Hausa sau da yawa sai ka ga majiyoyin da ya jero na Turanci ne ya fassaro maka, ko kuma ya ɗauko daga shafukan da su ma fassarar inji ce aka zuba ba a gyara ba, Hausar da babu Bahaushen da ke yin irinta. Haka za a yi ta juyawa, inji na koyo daga inji, idan mu masu harshen ba mu ajiye namu a inda za a same shi ba.

Kuma fagen a buɗe yake fa, wannan ne abin da masu neman DA ba su gani ba. A Turanci duk tambayar da ka ɗauko akwai shafi dubu a kanta, a Hausa kuwa tambayoyi nawa ne babu ko amsa ɗaya mai kyau? A ce wani yaro a Dawanau ya ɗauki abu ɗaya, duk mako ya zagaya ya rubuta farashin buhun masara da gero da wake da riɗi da zoɓo, da kwanan wata, da sunansa, da bayanin yadda ya tattaro, ya riƙe wannan shekara biyu bai fasa ba. Ɗan jarida zai buƙace shi, ɗalibin da ke rubuta furojet zai buƙace shi, ɗan kasuwa a Maraɗi ko Legas zai riƙa rubuta sunan shafin kai tsaye a Google, kuma duk injin da aka tambaya farashin riɗi a Kano ba shi da wurin zuwa sai nan. Ƙimar da ake ta nema kenan, kuma BBC da duk girmanta ba za ta ƙwace masa wannan ba don ba ta zaune a kasuwar. Haka mai gyaran waya a Farm Centre, haka ungozoma, haka malamin da ya san tarihin garinsu. Ka tsaya a abu ɗaya da ka sani, yau girki gobe siyasa jibi ƙwallo ba ya gina komai. Wikipedia ta Hausa ma tana jiran irin waɗannan majiyoyi masu inganci, amma kar ka je kana cusa linkinka a can don neman daraja, nofollow ne, kuma editoci za su goge.

Akwai 'yan abubuwa na fasaha da ke hana mutane fitowa ba su sani ba. A WordPress cikin saitin karatu akwai wani ɗan akwati da ke cewa injinan bincike su ƙyale shafin, masu gini kan danna shi lokacin aiki su manta ba su cire ba, na sha buɗe shafin da ya shekara a haka mai shi yana ta zargin Google. Makarantu kuma sun iya ɗora sanarwar ɗaukar ɗalibai a matsayin hoton fosta kawai babu rubutu ko layi ɗaya, a rubuta shi a matsayin rubutu mana sannan a sa hoton. Ka yi rajista da Search Console, ka yi da Bing Webmaster Tools ma don ba Google kaɗai ke ciyar da injinan nan ba, duka kyauta ne. Ka daidaita rubutunka, idan da ƙ da ɗ da ɓ kake yi ka riƙe su ko'ina. Sannan ka buɗe fayil ɗin robots.txt ka ga wa ka hana shiga, don OpenAI na da GPTBot na tattara rubutun horo da OAI-SearchBot na bincike, kana iya hana na farko ka bar na biyu, Google-Extended ma, wato na Google da ya shafi horon Gemini, hana shi ba ya cire ka daga sakamakon bincike. Masu amfani da Cloudflare su leƙa saitinsu, tun Yulin 2025 kamfanin ya fara toshe bot ɗin AI kai tsaye ga sababbin shafuka sai in kai ka buɗe.

Ana yawan tambayata to a toshe su ko a bari? Marubuciyar da ke sayar da littafinta babi-babi, da shi take ci da shi take biyan kuɗin makarantar yara, ina ce mata ta toshe na horo kuma kar ta ɗora cikakken littafin a fili, haƙƙinta ne. Amma shafukan bayani irin na lafiya da noma da sana'a da tarihi da nake kula da su, da izinin masu su a buɗe nake barinsu, saboda yaranmu sun riga sun koma tambayar waya komai, kuma na fi son idan yarinya a Gumel ta tambayi alamomin hawan jini ga mai ciki amsar ta fito daga rubutun ma'aikaciyar jinyar da ta sa sunanta a ƙasa, ba daga shafin mai sayar da haɗin gargajiya da ba a san ko waye ba.